Kitson Mutum Biyu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda kewa ta dama, ina kuma gaida Baba da jiki, Allah ya tashi kafaɗunsa. Na san za ki ce me ya hana ni kira. Na kira har yatsana ya gaji, wayarki a kashe. Shi ya sa na ba direban motar garinku wannan takarda, ya ce ya san gidan.

Tun da kika tafi, ajin gyaran gashi ya koma min kamar ɗakin jira na asibiti. Kowa da abokiyar aikinta, ana tsaga ana hira, ni kuwa Malama ta tura ni kusurwa da kan robar nan mai ido ɗaya. Na raɗa mata suna Madam Shiru. Tana da kirki, ba ta taɓa cewa na ja mata gashi ba. Sai dai ba ta dariya in na yi shirme, ba ta kuma cewa "Bahaguwa, sassauta hannu" yadda kike yi.

Kin tuna ranar da aka ce kowa ta zaɓi abokiya? Aka watse aka bar mu tsaye, ni saboda hagu, ke saboda kin girme su duka har suna ce miki Uwar Aji. Malama ta sha buga min mataji a bayan hannu, wai murɗina yana kwanciya baibai. Ke ce kika tsaya kika ƙare wa aikina kallo kika ce, "Ba baibai ba ne, nawa ne a cikin madubi." Daga nan salonmu na Fukafukai ya fito, ke a dama, ni a hagu, murɗi ya tashi daga goshi yana buɗewa, mu haɗu a ƙeya. Jiya wata ta tambaye ni yadda ake yin sa, na ce ta fara nemo bahaguwa tukuna.

An sa jarrabawar ƙarshe a ƙarshen wata mai zuwa. Kowane mutum biyu za su fitar da salon da suka ƙirƙira a kan mai rai, ba a kan roba ba. Inna mai shara ta yarda ta ba mu kanta, kin dai san sumar nan tata. Sharaɗinta ɗaya ne, a bar ta ta yi barcinta.

Na zana sabuwar tsaga a bayan takardar nan, ki duba ki faɗa min gaskiya. Kuma ki faɗa min yaushe za ki dawo, don Madam Shiru ta fara isata.

Ki huta lafiya.
Taki,
Bahaguwa

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da karatu da Malama. Takardarki ta iso, na gode da kika tuna da ni.

Baba jikinsa da ƙarfi, yana ci yana sha. Kan ne ya gaji. Wayata shi ya jefa a bokitin wanki, ya ce tana ta kiran sunansa. Wata rana ya san ni, wata rana ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" In na juya baya ya fice, sai in bi layi ina tambayar masu shaguna. Ƙannena maza suna leƙowa su gaishe shi daga bakin ƙofa, su ce Allah ya saka min, su tafi. Ban zarge su ba, kowa da iyalinsa. Ni ce ba ni da kowa, don haka ni ce nake da lokaci.

Na duba zanenki. Tsaga ta uku ta matsa kunne da yawa. Gashin Inna ya yi laushi a nan, in kika ja zai tsinke, kuma fiffiken zai yi kamar na kazar da ruwa ya daka. Ki ɗaga ta sama kaɗan. Sauran ya yi kyau, musamman inda kika lanƙwasa kafin ƙeya. Ban zaci za ki iya wannan natsuwar ba.

Kada ki ji tsoron hannuna zai mutu. Bargon Baba yana da geza, in ya yi gyangyaɗi nakan zauna in murɗe ta kaf, in ya farka in warware. Nan gidan ba wanda zan yi wa maganar kitso. Na taɓa nuna wa maƙwabciya zanenki, ta ce min taswirar ina ce wannan.

Zan zo jarrabawa in Allah ya yarda. Ki gaida Inna, ki ce mata ta daina ɗaure kai da tsananin ƙarfi.

Allah ya bar zumunci.
Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan Baba ya samu sauƙi. Yau ba wasa a takardar nan, ko akwai ma kaɗan ne.

Malama ta kira ni ofis. Ta ce in ba ki zo ranar jarrabawa ba, hanya biyu ce. Ko in yi kan duka ni kaɗai, a cire sunanki, ki sake karatun daga farko duk ranar da kika dawo. Ko kuma mu jira baɗi mu biyu. Na ce sai mu jira mana, ta dube ni ta saman gilashinta ta ce, "Kujerar da aka yi miki alkawari ita ma za ta jira?" Kin san mai shagon nan ta bakin babban titi ta ce in na fito da takardar shaida bana za ta ba ni kujera. Na je na same ta, ta ce tana so na, amma madubi ba ya zama ba mai aiki a gabansa har shekara. Yaya, kin san ba ni da inda zan koma in wannan ya wuce ni.

Yanzu ga abin da nake jin nauyin faɗa miki. Na roƙi Malama ta ba ni aron Madam Shiru na kawo ta ɗaki. Na ɗaure ta a jikin kujera, na jingina madubi a gaba, ina yin murɗina ina kallon hannuwana a ciki, don a madubi hannuna naki ne. Sai in juya in gwada sa hannun dama ya ja gaba. Da farko abin ya fito kamar igiyar da akuya ta tauna. Hannun nan kamar na aro, in ce masa bi nan ya bi can. Na zage shi, na zagi robar, har mai ɗakin kusa ta buga bango ta tambaya ko baƙuwa na yi. Na ce eh, don kunya.

Shekaranjiya kuwa ya fito. Layi guda, daga goshi har ƙeya, ya kwanta dama sumul kamar ke kika yi. Na ɗauka zan yi tsalle. Sai na zauna a ƙasa na yi ta kuka, don ba wanda zan nuna wa, kuma wadda zan nuna wa ɗin ita ce abin zai fi yi wa ciwo.

Ban koya don in rabu da ke ba, wallahi. Tsoro ne. Na gwada a kan Inna jiya, tana barci kanta yana bin duk inda na ja, sai na tsaya na miƙar da ita. Da muna biyu kina ja ina ja, kan yana tsayawa cak a tsakiya. Ta farka ta ce, "Ina 'yar'uwar taki? Wuyana ya fi son ku biyu."

Ki zo, don Allah. Ki gaida Baba ko da bai san ni ba.

Taki,
Bahaguwa

*

Zuwa ga ƙanwata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Muna nan yadda kika sani, an gode Allah.

Na karanta takardarki na ajiye, sai da na gama wanki na sake ɗauka. Ba zan ɓoye miki ba, na ji kishin hannun damanki. Abu ɗaya nake da shi da wani yake jira a wurina ban da magani da ruwan wanka, ga shi kin koya. Amma kin yi daidai. Da ni ce ma abin da zan yi ke nan, sai dai ni ba zan faɗa miki ba, ke kuwa cikinki ba ya riƙe magana.

Na yi magana da matar ƙanena, ta yarda za ta zo ta zauna da Baba ranar. Na riga na wanke rigar aikina, na nemo kibiyata a ƙasan akwati. Zan shigo motar farko, in sha Allahu kafin a buɗe aji ina bakin ƙofa. Rabon da in yi ɗokin wani abu haka har na manta.

Sai dai ki ji wannan da kyau, a matsayin yayarki nake faɗa. In aka kira mu ba ki gan ni ba, kada ki ce a jira baɗi. Ki ɗauki mataji ki yi kan duka. In kika rasa kujerar nan saboda ni, ba zan iya haɗa ido da ke ba, kuma ina so in ci gaba da haɗa ido da ke.

Ki riƙa shafa mai a yatsun dama kafin ki fara, sabon hannu yana saurin ƙagewa.

Sai mun haɗu.
Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban san ko lafiya ba, ina roƙon Allah ya sa lafiya ce.

Na riga kowa zuwa. Na jera kayanki a dama, nawa a hagu, na sa Inna ta zauna, na tsefe ta na taje. Duk motar da ta tsaya a titi sai na leƙa taga. Aka kira na farko, aka kira na biyu. Da aka zo kanmu na ce wa Malama a sa mu a ƙarshe, ta yarda. 'Yan ajin suna ta satar kallona, wata har ta kawo min ruwa, ita da ba ta taɓa gaishe ni ba.

Da aka gama da kowa, Malama ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "To, Bahaguwa?" Na dubi ƙofa. Inna ta kamo hannuna ta ɗora a kanta ta ce, "Yi, 'yata. Yau ba zan yi barci ba, zan riƙe miki wuyan." Haka kuwa ta yi, ta ƙame kamar soja, idonta yana ta ruwa don barci.

Na yi kan duka. Na ɗaga tsaga ta uku yadda kika ce. Da na ɗaure jelar a ƙeya sai 'yan ajin suka taso ana zagaya Inna, ana cewa ta juya nan ta juya can. Baƙuwar da aka gayyato ta duba aikinmu ta tambaya ina ta biyun, don ita a ganinta wannan aikin mutum biyu ne. Malama ta ce mutum ɗaya ce.

Na ci, Yaya. An ce namu ya fi na kowa. An cire sunanki a gabana, ina tsaye da mai a hannu. Mai shago ta ce in fara farkon mako.

Sauran sun tafi cin abinci tare, sun ce in zo, na ce kaina yana ciwo. Na kwashe kayanki na zuba a jakata na taho ɗaki. A hanya na yi fushi da ke sosai, na shirya maganganun da zan rubuta miki. Da na zauna sai na rasa su, kunya ta maye wurin. Ni na samu kujera da salon da kika gano, ke kina can da gezar bargo.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne, in san kina lafiya. Ki yafe min.

Taki,
Bahaguwa

*

Ƙanwata,

Lafiya muke. Barka, Allah ya sa albarka a kujerar. Babu abin yafewa.

Matar ƙanena ta zo kamar yadda ta ce. Na saɓa jaka na kai bakin ƙofa, sai Baba ya kira ni da sunan da yake kirana ina ƙarama. Rabon da ya tuna shi tun kafin in dawo gidan nan. Ya ce, "Kada ki bar ni da baƙuwa." Sai na ajiye jakar. Zuwa rana ya sake manta ni.

Ba na jin zan sake karatun, kada ki sa rai. Ki riƙe kayana ki yi aiki da su.

Abu ɗaya nake so in sani, don tun ranar nake ƙoƙarin ganin kan Inna a idona ina kasawa. Da kika tsaya ke kaɗai, wane ɓangare kika fara?

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ke da Baba.

Naki na fara. Na ce in ma hannuna zai gaji ya ɓata wani wuri, ya ɓata nawa.

Taki,
Bahaguwa