Gahawar Reino

Kajaani, watan Oktoba

Yayata Sirkka,

Gaisuwa mai yawa tare da kewa. Ina fatan kina lafiya, ke da Olavi da jikoki, kuma gwiwar nan taki ta fara barin ki ki runtsa.

Maigidana Reino ya dawo gida daga asibiti. Ɓarin jikinsa na dama bai tashi ba, maganarsa kuma sai an kasa kunne, amma ga shi a kujerarsa bakin taga, na gode wa Allah. Hukumar gari tana turo masu kula da shi safe da yamma. Wadda ta fi zuwa sunanta Tuuli, wata doguwar yarinya sa'ar autarki. Hannunta da sauƙi, tana juya ƙaton mutumin nan ko cije baki ba ya yi. Sai dai taurin kai.

Asibiti sun ce maƙogwaronsa ya yi rauni, abu mai ruwa-ruwa zai iya kuskure hanya ya sauka a huhu. Duk abin da zai sha sai an kaɗa masa wani gari ya yi kauri kamar kunu. Har gahawa, Yaya! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a dajin katako da butar gahawa a kan wuta. Ya dubi kofin, ya dubi Tuuli, ya ce, "Kai wa magina su yaɓe bango." Daga nan ya kulle bakinsa.

Na bi ta har ƙofa ina roƙo, na ce kurɓa ɗaya tak, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ce, "Inna Aune, idan na yi kamar ban gani ba yau, motar asibiti zan gani gobe." Ko sai da safe ban ce mata ba.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Aune

Kajaani, watan Nuwamba

Yaya Sirkka,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Yaya sanyi a wajenku? Kin ce in yi haƙuri da yarinyar, to ji abin da ya biyo baya.

Reino ya ci gaba da ƙin sha. Leɓɓansa suka tsage, har wata safiya ya kira ni da sunan mahaifiyarsa. Tuuli ta ja fatar bayan hannunsa, ta duba harshensa, ta ce dole ta sanar da nas. Na riƙe mata riga. Kin san in aka mayar da shi asibiti, daga can sai gidan tsofaffi, ni kuma in zauna da kujera. Na ce ta ba ni lokaci in lallashe shi. Idonta ya kawo ruwa, ta ce wannan ba abin ɓoyewa ba ne, ko da zan tsane ta. A gabana ta buga wayar.

Nas ta zo, aka yi masa ƙarin ruwa a nan ɗakinmu, ba a tafi da shi ba. Amma zuciyata ba ta huce ba. Na kira shugabar su Tuuli na ce a canja mana ita. Matar ta saurare ni har na gama, ta ce haƙƙina ne, in na nace za a yi. Sannan ta tambaye ni ko na san Tuuli ta ishe su da naci a kan a turo likitar haɗiya har gida. Wai ta ce musu mutumin nan ba ruwa yake ƙi ba, makokin gahawarsa yake yi. Na ce a dakata da zancen canjin tukuna.

Likitar ta zo, ta koya masa atisayen harshe da maƙogwaro. Ya ce shi ba biri ba ne. Tuuli ta ja kujera ta zauna gabansa, ta zaro harshe har haɓa. Ya ce, "Da wannan fuskar za ki sami miji?" Ta ce, "Kai ma ai ka samu mata, Baba." Ya yi dariya da rabin bakinsa, ya zaro nasa. Ta kuma yi masa ciniki: kunun nan ya sha, atisaye ya yi, su je wa likita da ƙarfinsu su nemo masa gahawarsa. Yana sha, yana zagin kofin.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Aune

Kajaani, watan Fabrairu

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa aikin da aka yi wa Olavi a ido ya yi kyau.

An sake gwada haɗiyar Reino a asibiti, kuma jiya likita ta zo da hukunci. Ruwa da madara suna nan da kaurinsu. Gahawa kuwa an yarda, amma da cokali, yana zaune tsaf, haɓa a sunkuye, an wanke masa baki tukuna, kuma sai da mai kula a kusa. Tuuli ta sa na maimaita komai a gabanta har ta gamsu, don ni ma in iya.

Yau da safe na ɗora buta. Tuuli ta riƙe cokalin. Ya karɓa, ya rufe ido, ya haɗiye. Muka tsaya muna jiran tari. Shiru. Ta ce ya yi magana ta ji muryarsa ko ta jiƙe.

Ya dube ni ya ce, "Aune, zuba naki ki zauna. Tun kaka nake jin ƙanshi daga ɗakin wanki. Ki daina sha a tsaye kamar ɓarauniya."

Yaya, ashe duk watannin nan ya sani, bai taɓa ce min komai ba. Na ɗauko kofina na zauna kusa da shi. Tuuli ta juya wai tana neman safar hannunta, alhali suna hannunta.

Ki zo da bazara. Reino zai ce ba ya kewarki, ƙarya yake yi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Aune