Inna da Man Miƙar da Gashi

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya Abijan, ya maigida da yara? Mu nan Maraɗi lafiya lau, sai yajin aikin malamai da ya zaunar da mu.

Man miƙar da gashin da kika aiko ya iso ina Tsibiri. Inna ba ta jira in karanta mata takardar ba, ta shafa abinta. Wai ai kamar lalle ne, sai ya daɗe yake kamawa. Ta bar shi daga azahar har la'asar, gashin gabanta duk ya bi ruwa. Ta ɗan yi ƙwalla, yanzu dariya take.

Ki taya mu addu'a ya tsiro. Ki gaida kowa. Inna ta ce Allah ya yi miki albarka, amma in za ki sake aike, kallabi take so, babba.

Ƙanwarki,
Zara'u