Jan Fentin da Kuka Ba Ni

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in Gandun Daji na Gunduma,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya da iyali. Ranka ya daɗe, ni ne sabon ma'aikacin da kuka ɗauka bana daga makaranta. Mahaifina ya ce kada in rubuta, don a shekarar da ake tambayar mutanen Zango takardun zama a ƙasa bai ga amfanin sunana a jarida ba. A Kumasi aka haife ni. Na faɗa ne don a sani.

Na farko. Kun tura ni kurmin da ke bakin rafi, wanda mutanen ƙauye ba sa shiga da adda tun kakanninsu, domin birai da cilakowa suna kwana a can. Ofis ya ce wannan kariyar tsohon yayi ce, babu hatimi. Aka ba ni jan fenti in shafa wa duk babban icen odum da bai kamata a sare ba. Na shafa. Nana, sarkin ƙauyen, da kansa ya riƙa nuna mini su.

Na biyu. Kun sa an yanka hanya har cikin kurmin don motarka ta riƙa zuwa duba lafiyar namun daji. Ba ta zo ba tukuna. Motocin katako dai sun yaba da hanyar, kullum suna gwada ta.

Na uku. Ran Lahadi na je gaida kawuna, kafinta a Anloga, unguwar masu katako, sai na tarar da gungume uku da jan fenti. Ban ce na kurmin ba ne. Abin da na ce shi ne ni bahago ne, alamata takan karkata hagu, waɗannan ma haka. Wani mai zarto ya ce Allah Ya yi wa mai fentin albarka, ya hutar da su neman manyan.

Na huɗu. Biran, da yake ba a aika musu sanarwa ba, sun koma gonakin ayaba. Manoman da ba su taɓa harbin biri ba sun fara aron bindiga. Nana ya daina amsa gaisuwata.

Yanzu an umarce ni in shafa wa itatuwan ƙetaren rafi, inda sauran biran suka fake. Ina roƙo a rufe hanyar, a mayar wa Nana da kurminsa. In hakan ya yi wa ofis nauyi, a bar ni in shafa fentin a jikin duwatsu. Na bincika, ba mai sayensu a Anloga.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya ba motarka lafiya ta iso kurmin tun yana tsaye.

Wassalam.

Ƙaramin ma'aikacinka,
Zangon Kumasi, 1970