Hannu Sama

Talata, 13 ga Nuwamba

Mun koma bakin aiki a tekun yammacin Koriya. Sanyi ba a magana. Dandamalina na gefen gindin jirgin ruwanmu mai ɗaukar jiragen sama ya yi ƙanƙara, sai da Skewes ya kankare shi da shebur. Shi ne ke tsaya min a baya yana faɗa min wanda ke tahowa. Aikin dai na jiya ne: faifai biyu a hannuna, ina yi wa matuƙin jirgin sama mai sauka alama har ƙugiyar jirginsa ta kama ɗaya daga wayoyin da aka gitta a doron jirgin ruwan. In ya yi ƙasa ya daki gindin jirgin ruwan, in ya yi sama ya tsallake wayoyi ya afka shinge.

An kawo sabbin matuƙa, har da Gethin Pryce! Tare muka yi yaƙin da ya wuce, ni ne babban abokin ango ranar da ya auri Nesta. Daga shagon babansa aka sake kiransa aikin soja. Ya yi tumbi. Yana ganina ya ce, "Tolley, har yanzu kana nan kana korar ƙuda da faifai?" Na yi murna ƙwarai. Gabana kuma ya faɗi, ban san dalili ba.

Alhamis, 15 ga Nuwamba

Yau na san dalilin.

A zamaninmu in mai faifai ya ɗaga hannu sama, umarni ne: tashi sama. Bayan yaƙi manya suka ce mu koma tsarin Amurkawa don mu riƙa sauka a jiragen juna. Su a wurinsu hannu sama na nufin ka yi sama da yawa, sauko. Yaran nan sabon kaɗai suka sani. Gethin kuwa da tsohon ya ci yaƙi guda.

Ya taho ya ɗan yi sama. Na ɗaga hannu. Sai ya ƙara tashi. Wayar ƙarshe ya kama da ƙyar, hancin jirginsa kamar ya sumbaci shinge. Ya fito yana dariya. Ni ban yi ba.

Asabar, 17 ga Nuwamba

An hana tashi saboda hazo. Koko mai kauri da naman gwangwani. Ban ga kowa ba.

Litinin, 19 ga Nuwamba

Gethin ya sake. Wannan karon ƙasa ya yi, na sauke hannu, ya ƙara nutsewa. Na kore shi ya sake zagayowa. Skewes ya ce, "Yallaɓai, wannan baban ko dai da baya-baya yake karatu?" Na ce ya rufe min baki.

Doka ta ce in kai wa Kwamanda Ormsby rahoto. In na kai, za a sauke Gethin a mai da shi gida, kuma babu wanda zai ce alama ce ta rikita shi, cewa za a yi tsoro ne. Na same shi a ɗaki yana ɗinkin safa. Na faɗa masa. Ya ajiye safar.

"Ka ba ni mako biyu," ya ce. "In na sake, ni da kaina zan hau wurin Kwamanda."

Na ce, "Gethin, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Kai ne busasshe, tsohon banza. Ka ba ni ko ba ka ba ni?"

Na ba shi. Allah ya sa ban yi wauta ba.

Lahadi, 25 ga Nuwamba

Mutumin nan ya haukace da atisaye. A layin abinci, a bakin banɗaki, duk wanda ya gani sai ya sa shi ya ɗaga masa hannu, shi kuma ya durƙusa. Yaran sun mai da abin wasa. Ko limamin coci ya ɗaga hannu wurin addu'a yau, Gethin ya zauna, aka yi ta dariya ƙasa-ƙasa.

Juma'a, 30 ga Nuwamba

Mun rasa yaro ɗaya a kan tudu, harbo shi aka yi. An kwashe kayansa kafin abincin rana.

Laraba, 5 ga Disamba

Saukar Gethin duk makon nan tsaf, ko malami sai haka. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yanzu ko barci nake ka ɗaga hannu, sauka zan yi." Na ce na yarda. A raina ban yarda ba. Na ga mutane da yawa a cikin wahala. In azaba ta kai wa mutum karo, da harshen uwarsa yake kuka.

Asabar, 8 ga Disamba

Sun je kai hari kan wata gada. Wajen la'asar Skewes ya ce, "Yallaɓai, Pryce ne. An harbe shi a cinya, mai ya kusa ƙare masa. Sun ce sau ɗaya kawai zai iya gwadawa."

Na hango shi yana tahowa, fiffike na rawa, baƙin mai ya wanke masa gilashi. Ya yi ƙasa. Ba sosai ba, amma ya yi ƙasa. Abin da ya kamata shi ne in sauke hannu. Sai zuciyata ta ce, mutumin nan jini yake zubarwa, idonsa na rufewa, atisayen mako biyu ba ya tare da shi yanzu. Wanda ke cikin jirgin nan Gethin ne na da. Yi masa magana da yaren da ya sani.

Na ɗaga hannu sama. Tashi, Gethin, tashi.

Ya sauko. Nan take, ba gardama, daidai yadda littafi ya ce.

Ni dai na ji Skewes ya finciko ni mun faɗa ragar tsira da ke gefen dandamali. Ƙarar kuma ba zan rubuta ta ba.

Lahadi, 9 ga Disamba

An saka gawar Gethin a teku da safe. Rabin abin da aka naɗe a cikin tutar ƙarfe ne, don ya nitse.

Talata, 11 ga Disamba

Kwamanda ya kira ni. Ban ɓoye komai ba, na ce hannu na ɗaga, kuma da gangan. Ya murza ido ya ce, "Tolley, mutum mai rauni a jirgi mai rauni. Haka zan rubuta. Ba ni da wani mai faifai sai kai da yaron da ke kwance da zazzaɓi. Gobe akwai tashi."

Na ce, "Yallaɓai, ya koya fa. Ya cika alkawarinsa."

Ya ce, "Na ji. Je ka ci abinci."

Hukunci nake so, an hana ni. Skewes da ya ga komai, shayi kawai ya kawo min ya ajiye. Wasiƙar da nake rubuta wa Nesta har yanzu ban wuce gaisuwa ba.

Asabar, 15 ga Disamba

Aiki lafiya. Duk sun sauka. 

Da rana Skewes ya fara, "Mai tahowa shi ne Laftanar..." Na ce daga yau ya bar faɗa min suna. Ƙafafun jirgi sun fito, ƙugiya ta sauka, wannan ya ishe ni. Ya dube ni, ya ce to. Ba wani abu ba ne, iska ce ke cinye maganar, kuma sunayen suna ɓata lokaci.

Na koma cin abinci a ɗakina. Can wurin yaran surutu ya yi yawa.