Majanyi a Wuyan Jita

Fadaman Mada,
Asabar, 3 ga wata.

Zuwa ga Maman Godfrey,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baban Godfrey da yara. Ya ƙafar, ya kuma zaman Inkil? Allah Ya ƙara sauƙi. Na zaɓi takarda ne don bakina ba ya iya ɗaukar magana mai nauyi a waya, sai in yi ta gaisuwa har mu rabu. Tsoho Babayo mai keke zai kawo miki.

Maganar Ni'ima ce. Kin san ban hana ta jitar nan ba. Mahaifinta ya yarje mata kafin ya rasu, ni kuma ba na tsallake maganarsa. Amma yau Asabar bakwai ke nan ba ta wuni a gida ba. Da can ranar nake mata kitso, mu yi dambu, mu sha hira. Yanzu da hantsi za ta saɓi jakar nan mai tsawon mutum ta nufi gidanki, sai la'asar sakaliya.

Shekaranjiya na leƙa ɗakinta. Ba ta fizgar tsirkiya da hannun dama yadda na saba gani. Hannu biyun duk suna kan wuyan jitar, yatsu na sauka suna dannawa, kamar mai tsintar shinkafa a faifai. Farcenta kuwa ta yanke shi har tsoka. Na ce me ke nan? Ta ce, "Inna, kiɗan hannu biyu ne, Mama ke koya mini." Na ce wace Mama? Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Akwai kuma wani tsohon jan ƙyalle da aka ɗaura a wuyan jitar. Ba na zarginki da komai, Allah Ya sani, shekara goma sha tara muka yi muna katanga ɗaya kafin ku koma Inkil. Amma bai kwanta mini ba.

Roƙona ki rage mata ranakun. Asabar ɗaya taki, ɗaya tawa.

Ki huta lafiya.
Taki, Aishatu.

*

Inkil,
5 ga wata.

Maman Ni'ima ƙawata,

Salama a gare ki. Muna lafiya, ƙafa ce dai ke mini rashin kunya. Babayo ya miƙo mini takardarki da hannu biyu, na ɗauka sammaci ne.

Rabon Asabar kuma, sai ka ce gonar gado? To, bari in gaya miki abin da yarinyar ta kasa faɗa, don tana tsoron shirun nan naki. Wani sitidiyo a Jos, masu yi wa finafinai kiɗa, suna neman mai jitar bes, wato mai kaurin murya irin tata. Ranar 28 za su gwada mutane. Shekara biyu ke nan da ta gama karatun jami'a a Gubi tana zaune. Masu fizgar tsirkiya sun cika gari, amma mai hannu biyu ba a cika samu ba: hagu na riƙe gindin kiɗa, dama na rera waƙa a kai, mutum ɗaya ya zama biyu. Ni ma shekara talatin ina kaɗa bes a coci kafin Godfrey ya nuna mini, yatsun kuma sun riga sun tsufa.

Damuwata ita ce hannayenta suna jiran juna. Dama ba ta sauka sai ta ga hagu ta sauka. Mako bakwai na kasa raba su.

Ƙyalle kuwa ba laya ba ne. In hannu biyu suka hau wuya, babu mai tsawata wa sauran tsirkiyoyi, sai su yi ta gunaguni. Ƙyallen ne ke rufe musu baki. Tun ran Alhamis ya ɓata. Mun gwada safa, mun gwada robar gashi, ta ce ba ɗaya ba ne, har da hawaye.

Ashe ba ki gane shi ba? Majanyinki ne, Aishatu. Wanda kika ba ni lokacin da kika kwanta asibiti bayan haihuwarta, na goya ta kwana arba'in. Yana akwatina tun ranar. Ita ta gan shi, ta ce in yanko mata gefe, wai tana son abin Innarta kusa da hannunta.

Gai da gida.
Felicia.

*

Fadaman Mada,
12 ga wata.

Maman Godfrey,

Bayan gaisuwa. Na yi mako ban amsa ba saboda kunya.

Ni na kwance ƙyallen. Yana cikin kwallar da nake ajiye turare. Na ce wa raina tsoron Allah ne ya sa, amma a makarantar allo Malam ya koya mana cewa hassada tana iya sanya hijabi ta zo. Da na karanta takardarki na ɗauko shi na duba, sai ga ɗinkin da na yi masa da baƙin zare. Hannuna ne. Na mayar mata, na faɗa mata gaskiya. Ta karɓa, ta ɗaura shi kawai. Na fi son a ce ta yi mini faɗa.

Kada ki ɗauka na warke. Abu biyu ke ci na har yanzu: ke ta gaya wa maganar Jos, kuma bayanki ta fara sani kafin nawa.

Na zauna bakin ƙofarta kwana uku ina kallon hannayen nan. Tun rana ta farko na gane ciwon, na yi shiru. Na san in ta faɗi a gwajin, tana nan gabana, Asabar duka tawa. Allah Ya yafe mini kwana biyun nan.

Jiya na zuba gero a turmi na kira ta. Ta ce, "Inna, ga inji a bakin layi." Na ce ɗauki taɓarya. Muka fara lugude, tana kallon tawa, sai ƙwas, taɓare suka haɗu. Sau huɗu. Na ce, "Wa ya ce ki kalli tawa? Mai lugude ba ta jiran 'yar uwarta. Ki riƙe naki bugun, ki bar kunne ya ji nawa." Ta ce, "In na fasa miki hannu fa?" Na ce, "Uwarki ta Inkil ba ta fasa ba, ke ce za ki fasa?" Na sa ta rufe ido. Can sai turmin ya fara magana, tim-tam, tim-tam, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Ko hannu ba ta wanke ba ta shige ɗaki. Ban san kiɗa ba, amma na ji mutum biyu a ɗakin, alhali ita kaɗai ce. Bai daɗe ba ya rushe. Yana dai zuwa.

Ki zo nan ran Asabar Ni'ima ta ga yadda muke lugude ni da ke, har da jefa taɓarya da tafi. A gidana, ba a Inkil ba. Wannan kam ki bar mini.

Allah Ya bar zumunci.
Aishatu.

*

Inkil,
19 ga wata.

Aishatu,

Salama. Kafaɗata ba ta ɗaguwa tun ran Asabar, Baban Godfrey na ta dariya, wai tsohuwa ta je gasar daka. Kuma ke kika fara haki, kada ki musa.

Tunda kin faɗi naki, ga nawa. Da na ji ta kaɗa waƙar nan daga farko har ƙarshe hannu bai jira hannu ba, na yi murna, sannan kishi ya kama ni. Mako bakwai ina fama, da littafi, da bidiyo, ke kuma kwano ɗaya na gero. Maza huɗu Allah Ya ba ni, babu mai zama in taɓa kansa. Kwana arba'in ɗin nan su ne 'ya macen da na samu. Shi ya sa ban dawo miki da majanyin ba, ba mantuwa ba ce.

Sauran yana nan. In kina so Babayo ya kawo.

Felicia.

*

Fadaman Mada,
29 ga wata.

Maman Godfrey,

Bayan gaisuwa. Sun ɗauke ta. Za ta dawo jibi ta haɗa kaya, farkon wata ta koma. Alhamdulillahi. Na shiga ɗakinta na share, ko da yake babu datti.

Na san ta kira ki. Ni ta kira ni ana kiran la'asar. Don Allah kada ki gaya mini lokacin da ta kira ki, ko na tambaya.

Ki riƙe majanyin, kin biya shi da bayanki. Asabar kuma yanzu babu mai ita. Akwai sauran gero, in kafaɗar ta saki.

Taki,
Aishatu.