Takardar da ke cikin gafakar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Mu nan Bakura lafiya lau.

Hankalinmu ya kwanta kan takardar nan da muka tsinta a gafakar marigayi Baba, wadda Inna ta zaci asiri ce har ta kasa cin abinci. Ranar Talata na kai ta Mafara wurin wani tsoho mai tara tsofaffin kuɗi. Ya yi dariya, ya karanta mini ajamin jikinta: sule goma ce ta zamanin Turawa. Ya ce tsohuwar takardar kuɗi ce. Ya taya, na ƙi sayarwa.

Inna ta ce, "Ashe Malam ajiya ya yi ya manta."

A gaida Hajara da yara. A sa Baba a addu'a. Zargin da muka yi masa, Allah ya yafe mana.

Ƙaninka,
Bello