Kwamfutar da Ta Tsallake Shekara Ashirin

Zuwa ga hasken idona, sanyin inuwar tsamiya, Zulaihat 'yar Malam Maccido ta Zurmi,

Assalamu alaikum. Haƙuri, gimbiyata, haƙuri! Na san kin shimfiɗa tabarma ranar Juma'a, kin jira, ban zo ba. Kina zaton na manta ki? Yaushe gero ya taɓa manta ruwan sama?

Kin san sharaɗin Baba: in manhajar da na rubuta wa 'yan kasuwar hatsi na Moriki ta yi aiki kafin Sallah, in turo magabatana, in ba haka ba, in daina tare masa ƙofa. Ga ta nan tana mutuwa a tsakiyar aiki, na rasa dalili. Sai na samo wata manhaja mai farautar kuskure, amma ɗanya ta zo, rubutu zalla a faifai, dole kwamfuta ta harhaɗa ta kafin ta amfanu, kamar a ba ki zangarniya a ce ki dama fura.

Wayyo Tambari! Mai shagon kwamfutar da nake aiki a ciki a Kaura ke nan. Don murnar Shari'a ya ga ya dace kwamfuta ma ta bi shekarar Hijira. Ya buga mata 21, yana nufin 1421, ita kuwa ta ɗauka 2021. Da na gyara agogon, sai ta dinga ƙorafi wai fayilolin da na riga na kwafo, masu ɗauke da 2021, daga gaba suka zo, ta haɗa, ta warware, ta sake farawa. Haka na wuni ranar Juma'ar: na tashi, na zauna, na leƙa titi, na ga motar Zurmi tana lodi. Zuciyata ta shige ta bar ni a kujera.

Kin tuna ranar da kika miƙo mini ruwa a zaure, kina dariya wai idona ya yi ja kamar gauta? Da kin gan shi yau!

Na goge komai, na sake kwafowa daga faifai. Yanzu haka tana harhaɗawa, layuka na gudu, ina ta addu'ar kada a ɗauke wuta. Ta gama ko ta ƙi, Juma'ar nan zan zo. In ta ƙi, zan durƙusa gaban Baba hannu wofi in faɗa masa gaskiya. Gara ya kore ni ina kallon ƙofarki da in ɓuya a nan. Abu ɗaya nake roƙo, Zulaihat: in ya tambaye ki, kada ki ce kin gaji da jirana.

Naki, ke kaɗai, har ƙasa ta rufe idona,
Misbahu